Yadda na gyara saƙon gaggawa a manhajar Telnet

A wani shagon sayar da kayan sadarwa da ke Jidda, inda nake aiki tare da wasu 'yan uwa Hausawa, na rubuta ƙaramar manhajar Telnet don shiga wata tsohuwar na'ura daga nesa. Matsalar da ta dame ni ita ce, idan na danna Ctrl-C don tsayar da umarni, sai rubutu ya ci gaba da kwararowa a allo, wani lokaci ma harafin da na buga daga baya ya ɓace.

Laifin nawa ne. A ƙa'idar Telnet ta 1983, bayan umarnin katsewa ana aika lambobi 255 da 242, kuma 242 ɗin ce ya kamata TCP, wato tsarin da ke ɗaukar bayanai tsakanin na'urorin biyu, ya yi wa alamar gaggawa. Ni kuwa ina tura duk abin da ke rumbun jira (inda bayanai ke taruwa kafin a tura su) gaba ɗaya da MSG_OOB, wato zaɓin da ke sa TCP ya ɗora alamar gaggawa, alhali alamar tana sauka ne a kan bayit (harafi ko lamba guda) na ƙarshe kawai, ko da harafin rubutu ne.

Sai na sa manhajar ta riƙe matsayin 242 a cikin rumbun, ta fara tura abin da ke gabanta ta hanyar da aka saba, sannan ta tura ta ita kaɗai da MSG_OOB. Na kuma daina ɗauka cewa kowace turawa tana kwashe komai. Yanzu ina duba adadin da ya fita, ragowar ta jira zagaye na gaba. Bayan sallar la'asar na gwada sau da yawa, kowane karo allon ya tsaya nan take.