Ruɓewar haƙori: inda take farawa da yadda za a tare ta

Ƙwayoyin cuta na baki suna mai da sukari asid, asid ɗin ya yi ta cin ɓawon haƙori kusan minti 30 bayan kowace kurɓa. Shi ya sa shayin fada a Tahoua, kofi uku ana hira har dare, ya fi zaƙin da aka sha lokaci guda ɓarna.

A duba wuri uku: ramukan turame, tsakanin haƙora, da saiwa in dasashi ya janye, galibi ga dattawa. Farin tabo kamar alli, alamar farkon ruɓewa, yana iya warkewa. In rami ya buɗe kuwa, sai likitan haƙori ya cike shi. Kanumfari zafi kawai yake ragewa.

A goge safe da dare, minti 2, da man goge baki mai fuloraid, sinadarin da ke ƙarfafa haƙori. A tofar, kada a kuskure baki da ruwa.