Darasi na 9: Canza kafasitar da ta kumbura a madabod

Tsohuwar kwamfutar tebur ba kasafai take mutuwa farat ɗaya ba. Yau sai an danna maɓalli sau uku kafin ta tashi. Gobe ana tsakiyar buga takarda ta ɗauke, ta sake tashi da kanta. Wata rana fanka na juyawa amma allo baƙi ƙirin. Da yawa sukan ce bairos ne, su biya a goge komai a sake zuba Windows, bayan mako guda ciwon ya dawo. Kafin ku kashe wannan kuɗin, ku kwance murfin ku leƙa ciki.

Babban faifan nan da komai ke haɗe da shi, shi ne madabod. A kansa za ku ga wasu ƙananan gwangwanaye a tsaye, galibinsu a jere kusa da furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar. Su ne kafasitoci. Masu gyaran rediyo kondensa suke ce musu, kuma da wannan sunan wasu 'yan kasuwa za su fi saurin gane ku. Aikin kafasita kamar na randa ne a gidan da famfo ke zuwa yana ɗaukewa: tana tara wuta, in ta yi ƙasa ta cike giɓin, don furosesa ya riƙa samunta daidai wa daida. A cikinta akwai fallen alminiyam guda biyu da aka naɗe tare da takarda jiƙaƙƙiya da ruwan sinadari. Zafi ne ke cinye wannan ruwa. Masu ƙera ta sun ƙiyasta cewa duk ƙarin digiri 10 na zafi yana rage rabin kwananta, to ku auna kwamfutar da ke aiki a shago a watan Afrilu, ƙura ta toshe mata fanka.

Tsakanin 1999 da 2007 an yi wata annoba ta kafasitoci marasa inganci, yawancinsu daga wasu masana'antu na Taiwan da suka yi amfani da ruwan sinadarin da ba a haɗa daidai ba. Kwamfutocin kamfanoni da dama sun kamu da ciwon kumburin kafasita a wannan zamani. Dell OptiPlex GX270 da GX280 sun yi suna a kansa. Kwamfutocin wancan lokaci ne kuma aka riƙa shigo mana da su gwanjo daga baya.

Yadda ake gane mai ciwo

Lafiyayyar kafasita kanta a shafe yake, da zane kamar X ko K. Da gangan aka yi zanen, don in iska ta taru a ciki ta tsage ta nan maimakon ta fashe. Ku haska tocila daga gefe. Wadda kanta ya tasa ko da kaɗan ne, ta lalace. Haka wadda ta fitar da wani abu ruwan ƙasa ya bushe a kanta ko a gindinta, da wadda ta karkace saboda robar ƙasanta ta turo. Idan uku sun kumbura a jerin guda shida masu lamba ɗaya, ku canza duka shidan. Tare aka sa su, zafi ɗaya suka sha, sauran ma suna hanya.

Kafin ku taɓa komai, ku zare waya daga soket, ku danne maɓallin kunnawa na ɗan lokaci don sauran wutar ta fita. Akwatin wutar nan mai fanka da ke bayan kwamfuta, kada ku buɗe shi. Manyan kafasitocin cikinsa suna iya riƙe sama da bolt 300 bayan an zare waya, wannan ba aikin ɗan koyo ba ne. Da hunturu jikin mutum yakan tara wata 'yar wuta, irin wadda ke yin ƙyas in an tuɓe riga, kuma ta isa ta kashe madabod. Saboda haka ku riƙa dafa ƙarfen akwatin kwamfutar kafin ku kama faifan. Ku ɗauki hoton wayoyin da wayarku kafin ku cire su, sannan ku fitar da RAM, wato siraran faifan nan na ma'adana da ke soke a jikin madabod, da ɗan batirin nan mai faɗi, CR2032.

Karanta lamba

A jikin kowace kafasita akwai rubutu. Misali: 1500µF 6.3V 105°C. Ku kwafe shi a littafinku harafi da harafi. Lambar farko ita ce yawan wutar da take iya tarawa, ku nemi daidai ita. Ta biyu ita ce ƙarfin wutar da take iya jurewa. Za ku iya sa mai 10V a gurbin mai 6.3V, amma kada ku kuskura ku sa mai 6.3V a gurbin mai 16V, fashewa za ta yi. Ta uku zafi ne: mai 105 za ku saya, mai 85 ta rediyo ce. Ku ce wa mai shago irin ta madabod kuke so, wadda ake kira Low ESR. Ku tafi da tsohuwar a aljihu saboda kauri, don mai milimita 10 ba za ta shiga inda aka jera masu milimita 8 a matse ba. Panasonic da Rubycon da Nichicon sunaye ne masu kyau, sai dai jabu ya yi yawa a kasuwa. Wadda rubutunta ya dushe ko arharta ta yi yawa, ku bar masa kayansa.

Cire tsohuwar

Nan aikin yake, nan kuma ake ɓata madabod. Da dalma ake liƙa ƙafafun kafasita a jikin faifai, da ayan na liƙi kuma ake narka ta. Faifan rediyo falle ɗaya ne, ana ɗora ayan sai dalma ta narke. Madabod kuwa hawa huɗu ne ko shida a manne, da shimfiɗar tagulla a ciki mai shanye zafi. Ƙaramin ayan mai wat 30 sai dai ku yi ta dannawa har faifan ya ƙone dalma ba ta motsa ba. Ku nemi mai wat 60, mai faffaɗan baki. In mai saiti ne, ku sa shi wajen digiri 380. Idan wutar lantarki ta zo da rauni, ku haƙura sai ta yi ƙarfi.

Ku kifa faifan, ku nemo ƙafafu biyun kafasitar. Abin da zai ba ku mamaki shi ne, kafin a cire dalma sai an ƙara dalma. Ku ɗiga sabuwa a kan kowace ƙafa. Ita ke kai zafi cikin ramin, tana kuma sassauta tsohuwar, musamman a faifan da aka yi daga 2006 zuwa sama, lokacin da Turai ta hana sa dalma mai guba a kayan lantarki, aka koma wa wadda ba ta narkewa sai wajen digiri 217. Sai ku ɗora ayan a ƙafa ɗaya, ɗan yatsanku na bayan faifan yana tura kafasitar gefe a hankali. Za ku ji ta ɗan saki. Ku koma ɗaya ƙafar, ku tura ta ɗaya gefen. Haka za ku yi ta yi, nan kaɗan can kaɗan, har ta fita. Kada ayan ya wuce daƙiƙa biyar a wuri ɗaya, kada kuma ku fizga. Cikin ramin akwai siririn rufin tagulla da ke haɗa hawa-hawan faifan. In ya biyo ƙafar ya fito, madabod ya tafi ke nan.

Sau da yawa ramin kan toshe da dalma bayan an cire. Wasu masu gaggawa sukan huda shi da ƙusa ko abin huji, wannan ɓarna ce. Ku ɗumama ramin daga baya, ku zura allurar da ba ta tsatsa ta gaba, ku janye ayan, ku murza allurar ta fita. Dalma ba ta kama irin wannan ƙarfe.

Sa sabuwar

Kafasita tana da gaba da baya. Ƙafar da ta fi tsawo ita ce ta alamar tarawa (+). Gefen da aka ja wa layi a jikin gwangwanin shi ne na alamar ɗebewa (−). A yawancin faifai, rabin da'irar da aka shafe da fenti shi ne wurin ƙafar ɗebewa, amma a faifan ASUS da yawa akasin haka ne. Don haka kada ku dogara da fenti kaɗai. Tun kafin ku cire tsohuwar, ku ɗiga alama da alƙalamin maka a kan faifan, a gefen da layinta yake. Wadda aka juya takan kumbura ko ta fashe da zarar an ba ta wuta.

Ku zura ƙafafun har gindinta ya zauna a kan faifan, ku ɗan buɗa su ta baya don kada ta zame. Ku ɗumama ƙafar da bakin ramin tare, sannan ku kawo dalma ta kwarara ciki. Liƙi mai kyau yakan hau ƙafar sumul. In ya dunƙule a sama, bai kama ba, ku sake. Ku datse ragowar ƙafafun, ku goge wurin da sifirit da tsohon buroshin haƙori, ku duba da kyau ko ɗigon dalma ya haɗe wurare biyu. Hayaƙin liƙi ba shi da kyau ga ƙirji, ku yi aikin kusa da taga, yara su yi nesa, ku kuma wanke hannu da sabulu kafin ku ci abinci.

Wajen gwaji ba sai kun mayar da komai ba. Furosesa da fankarsa, RAM guda ɗaya, akwatin wuta da allo sun isa. In rubutu ya fito, ku kashe, ku haɗa sauran, ku bar ta tana aiki na awa biyu. In har yanzu tana ɗaukewa, a gwada ta da wani akwatin wutar, don shi ma kafasitocinsa kan kamu da ciwon.

Aikin gida

Ku roƙi mataccen madabod a wajen mai gyaran kwamfuta na unguwarku. Ku rubuta lambobin kafasitoci biyar da ke kansa, kowace da gefen da layinta ke kallo. Ku cire su, ku buɗe ramukan, ku mayar da su. Ku zo da faifan aji mako mai zuwa, malami zai ɗaga shi a haske ya duba ramukan ɗaya bayan ɗaya.