Yadda za ka zaɓi inda za ka kafa shafinka na intanet: ɗakin haya ko ginin kanka

Ko mai shagon atamfa ne a kasuwar Wunti ta Bauchi da yake son kayansa su fito a Google, ko malamar makaranta a Yelwa da take son ajiye darussa inda ɗalibai za su same su, tambayar farko ɗaya ce: a kama ɗaki a gidan wani, ko a yi gini?

Ɗakin haya shi ne irin su Blogger na Google, da WordPress.com, da Wix. Ka yi rajista da imel, ka zaɓi suna, kafin rabin awa shafi ya tashi. Sabar, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin dare da rana, tasu ce, tsaro da gyara duk a wuyansu. Ginin kai kuwa shi ne ka biya kamfani kuɗin wuri a sabarsa, ka ɗora manhajar WordPress da kanka, wadda ake saukewa kyauta daga WordPress.org tun 2003. Ba a nufin ka bar kwamfuta a kunne a ɗakinka dare da rana. Da wutar garin nan da zafin Afrilu, ba za ta kai mako ba.

Da farko ka rubuta a takarda abin da shafin zai yi. In rubutu ne da hotuna kawai, Blogger ya ishe ka, kuma yana barin ka ɗaura masa adireshinka, wato sunan da ake bugawa a shiga shafin, ba tare da ƙarin kuɗi ba. Tsarin kyauta na WordPress.com yana saka nasa tallan a shafinka, kuma ba ya barin ka ƙara ƙananan manhajojin nan da ake kira fulogin. In kuwa so kake mai saye ya zaɓi turmi ya biya nan take, to a ginin kanka za ka iya haɗa WooCommerce, fulogin ɗin shago, da Paystack, mai karɓar biyan kuɗi ta intanet, kuɗi su shigo da naira.

Na biyu, kuma shi ne babba: sayi adireshin da sunanka, da imel ɗinka, da lambar wayarka. Adireshin .com.ng, wanda hukumar NiRA ke kula da shi, ya fi .com araha, kuma da naira ake biya. Abin da ya fi yawan faruwa shi ne a ba wani yaro mai harkar kwamfuta kwangila, ya yi rajista da nasa imel, bayan shekara ya tafi bautar ƙasa ko ya canza layi. Saƙon sabunta rajista yana zuwa wurinsa, mai shago bai sani ba, wata safiya sai shafi ya ɓace. Ƙwato adireshin da wa'adinsa ya wuce ya ninka kuɗin sabuntawa, wani lokaci ma wani ya riga ya saye. Ka zauna kusa da shi lokacin rajistar, ka shigar da kalmar sirri da hannunka.

Wajen zaɓen suna, bar ƙ da ɗ da ɓ a cikin rubutu, kada su shiga adireshi. Wanda wayarsa ba ta da haruffan ba zai iya bugawa ba, kuma mahaɗin da ke ɗauke da su yakan rikiɗe zuwa tarin lambobi da alamar % in an tura shi a WhatsApp.

In ginin kai ka zaɓa, nemi kamfanin da ke karɓar naira, don katin naira ba kullum yake shiga biyan dala ba. Tambayi kuɗin shekara ta biyu kafin ka biya na farko. Rangwamen sabon shiga ne yake ruɗar mutane. A cikin cPanel, wato shafin da kamfanin ke ba ka don sarrafa wurinka, yawanci akwai Softaculous, shi ke ɗora WordPress cikin 'yan mintuna. Kunna takardar tsaro ta Let's Encrypt, kyauta ce, in babu ita Chrome zai riƙa gargaɗin baƙi cewa shafin ba amintacce ba ne. Adireshi yakan ɗauki har awa 48 kafin ya kama a ko'ina, saboda haka kada ka yi ta taɓa saituna.

Daga nan aiki ya dawo kanka. Yawancin kutse ta tsohon fulogin da ba a sabunta ba yake shigowa, ko ta jigon sata (jigo shi ne tsarin kamannin shafi) da aka sauke kyauta. Saka fulogin ɗin UpdraftPlus ya riƙa tura kwafin ajiya zuwa Google Drive duk mako. Rage nauyin kowane hoto zuwa ƙasa da KB 200, don mai karatu da datarsa yake buɗewa.

Wanda bai da awa ɗaya a mako na wannan hidima ya fara da haya, amma ya duba ƙofar fita tukuna. Blogger da WordPress.com suna barin ka kwashe rubutunka a fayil guda ka shigar da shi sabon gida. Wix ba ya barin a ɗauke shafi ɗungurum zuwa wata sabar, sai dai a sake gini daga tushe.