Yadda ake gano inda danshin bango ya fito, da yadda ake gyara shi

Da zarar marka ta zauna a watan Agusta, ɗakuna da yawa a ƙauyukan Kano da Jigawa sai su fara nuna abin da suka ɓoye duk rani. Gindin bango ya yi duhu, fenti ya kumbura yana ɓarewa, tufafin cikin akwati su ɗauki warin fumfuna. Abin da akasarin magidanta ke yi shi ne su jira ruwa ya ɗauke, su sayo fenti ko buhun siminti su rufe wurin. Baɗi warhaka tabon ya dawo, har ya fi na bara faɗi. Dalili kuwa, ruwan yana da hanyar da yake bi ya shiga bangon, kuma ba a toshe ta ba. Ganin hanyar aikin damina ne, gyaran bangon kuma aikin rani.

Amma kafin komai, a duba lafiyar ginin. Idan bangon ƙasa ne, gindinsa ya jiƙe har yatsa na nutsewa, ko ya tsage daga sama zuwa ƙasa, ko ya fara karkata, ko ƙofa ta daina rufuwa alhali da tana rufuwa, to a kwashe iyali daga ɗakin a ranar. Ginin ƙasa da ya sha ruwa yakan faɗi ne ba sallama, sau da yawa cikin dare. Idan kuma akwai soket ko wayar lantarki a wurin da ya jiƙe, a yanke wutar ɗakin tukuna.

Mataki na 1: Karanta tabon

Wurin da tabo ya fito, shi ke faɗa maka inda ruwan ya biyo.

Idan ya taso daga ƙasa ne, ya bi tsawon bango kamar an ja layi, tsayinsa daga gwiwa zuwa ƙugu, da wuya ya wuce mita 1, to bangon ne ke tsotsar ruwa daga tushe. Irin wannan yakan zo da farin gari a bakin layin, wanda mutane ke cewa kanwa ta ci gini. Gishirin ƙasa ne ruwan ya hau da shi. Ruwa ya bushe, gishirin ya zauna, shi ne yake cin filasta har ta koma gari. Mutanen fadama sun san shi sarai: gefen Kogin Haɗeja, su Ringim, Auyo da Kiri Kasamma, da yankin noman rani na Kura da Garun Malam, inda ruwan ƙasa ba shi da nisa.

Idan tabon daga sama ya gangaro, siriri ko mai faɗi, to rufi ne. A ginin soro, indararo ne ya toshe ko ya karye, ko daɓen saman ya tsage. A rufin kwano, ƙusa ce ta saki, ko kwanon ya yi tsatsa, ko bakinsa bai fito waje sosai ba.

Idan a tsakiyar bango yake, yana ƙaruwa bayan an yi ruwa da iska, yana raguwa in an kwana biyu ba ruwa, feshi ne ke shiga ta tsaga ko ta gefen taga. Fara duba bangon gabas, don daga can hadarinmu ya fi tasowa, shi ya sa yaɓen gabas ke riga na sauran ɓangarori zaizayewa.

Tabon da ba ya bushewa ko a watan Maris, wannan ba ruwan sama ba ne, galibi ruwan gida ne. Zagaya bayan bangon. Za ka tarar da wurin wanka, ko randa, ko wurin wanke-wanke, ko rariyar maƙwabci.

Akwai gwaji mai sauƙi idan ka rasa gane kansa. Yanki leda mai haske kamar faɗin faranti, ka manna ta a kan tabon, ka liƙe gefunanta huɗu da salatif, ka bar ta kwana 2. In ka ga raɓa tsakanin ledar da bango, ruwan daga cikin ginin yake fitowa. In raɓar a bayan ledar take, ta ɓangaren ɗaki, to iska ce ba ta shiga ɗakin, sai a riƙa buɗe taga, a daina shanya da girki a ciki. Ka kuma zagaye bakin tabon da gawayi ko alli, bayan ruwa na gaba ka ga ta ina ya ƙaru.

Mataki na 2: Fita cikin ruwan ka gani da idonka

Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, ni kuwa a ganina ya fi sauran amfani. Ana tsakiyar ruwa mai ƙarfi, ɗauki lema ka zagaye gidan. Ina ruwan indararo yake sauka? Yana dukan gindin bango ne ko yana faɗawa nesa? Ina ruwan tsakar gida yake kwanciya? Rariya tana ja, ko leda da kara sun cushe ta? Duba kuma lungu. A garuruwa da yawa, kowace shekara mutane na zuba ƙasa da shara a hanya don gudun taɓo, har hanya ta fi daɓen ɗaki tudu. Ɗakin da aka gina shekaru 20 da suka wuce yana kan tudu, yau sai ka same shi a cikin rami, ruwan lungu yana jingine da bangonsa duk damina. Komai yawan simintin da ka shafa ta ciki, ba zai hana wannan ruwa shiga ba.

Tarin taki, itace, kara ko turken dabbobi da ke jikin bango, su ma suna riƙe laima, suna kuma kiran gara. A matsar da su.

Mataki na 3: Toshe hanyar ruwa

Wannan ba ya jiran rani, kuma yawancinsa fartanya da shebur sun isa. Yashe rariya. Rage ƙasar da ta taru a gindin bango ta waje har daɓen ɗaki ya fi ta tudu da aƙalla inci 6, amma kada ka tono tushen ginin. Yi gangare daga bango zuwa waje, sannan ka ja ƙaramar magudana kamar taku biyu daga jikin gini, ta kai ruwan kwata ko kududdufi. Yi magana da maƙwabci kafin ka juya ruwa, don kada ka cire shi daga bangonka ka jingina masa.

Indararo ya zama mai tsawon da ruwansa zai faɗi nesa da bango, a kuma sa dutse ko fasasshen bulo a inda yake sauka don rage fallatsa. A rufin kwano, a canza ƙusoshin da suka saki da masu roba a kai, ƙananan huji a liƙe su da kwalta. Wurin wanka da ke manne da ɗakin kwana a yi masa daɓen siminti mai gangare zuwa rariya, a ɗaga simintin ya hau jikin bango kaɗan. Randa kuwa a ɗora ta kan tsakuwa, nesa da bango.

Mataki na 4: Sassare, sannan ka yi haƙuri

Bayan ruwa ya ɗauke a Oktoba, sassare duk filasta ko yaɓen da ya ruɓe. Ƙwanƙwasa da bayan guduma, inda ka ji yana amo kamar ganga ya rabu da bango, a cire shi. Ka wuce bakin tabon da kamar ƙafa ɗaya, saboda gishirin ya hau fiye da inda ido ke gani. Farin garin a goge shi a bushe da buroshi, a share a zubar a nesa. Kada a wanke shi da ruwa, narkewa zai yi ya koma ciki. Baƙin fumfuna a kan siminti ana goge shi da bilic, gwangwani 1 a gwangwani 10 na ruwa, taga a buɗe, kuma ba a haɗa bilic da wani maganin wanki.

Daga nan a bar bangon a buɗe iskar hunturu ta sha shi. A janye gado, akwati da buhunan hatsi daga jikinsa. Bango mai kauri yana ɗaukar makonni kafin cikinsa ya bushe, ko da bayansa ya yi fari. Maimaita gwajin leda, sai ta fito ba raɓa sannan ka kira magini.

Mataki na 5: Gyara kowane gini da abin da ya dace da shi

Ginin ƙasa da ƙasa ake gyara shi. Na san mutane da yawa na ganin shafa siminti a kan bangon ƙasa ci gaba ne, amma siminti ba ya kama ƙasa da kyau, kuma yana hana ta fitar da laima. Ruwa ya shiga ta tsaga ɗaya, sai ya zauna a baya yana narkar da tubali, kai kuwa kana ganin fuska lafiya lau har ranar da faifan simintin zai zubo. A kwaɓa jar ƙasa da ramno, wato ciyawar da ake zubawa a kwaɓin gini, a bar ta ta kwana biyu tana ruɓa, a yayyafa wa bangon ruwa kaɗan, a cike ramin a hankali, shafi bayan shafi, kowanne ya sha iska kafin a ƙara. Idan gindin ya ci sosai, kada a buɗe shi gaba ɗaya: a tokare bangon, a gyara kamu biyu, ya bushe, a matsa gaba. Shafin ƙarshe a haɗa shi da ruwan makuba, wato ɓawon 'ya'yan ɗorawa da aka jiƙa, wanda iyayenmu ke ƙarfafa yaɓe da daɓe da shi. Sannan a yi dakali mai gangare a gindin bangon ta waje, shi zai riƙa karɓar duka a madadin ginin, in ya zaizaye a sabunta shi.

Ginin bulo kuwa, a fara cike tsagogi, a jiƙa bulon kaɗan, sannan a yi filasta. Buhun siminti mai kilo 50 kwanon sarki 2 ne, a haɗa shi da kwanon sarki 8 na yashi. Yashin ya zama na kogi mai tsabta, ba mai laka ko kanwa ba, in ba haka ba da hannunka ka mayar da gishirin. Akwai garin hana ruwa da ake sayarwa a shagunan kayan gini ana zuba wa siminti, a bi ma'aunin da ke jikin ledarsa. A riƙa ba filastar ruwa safe da yamma har kwana 7, musamman da yake iskar hunturu na saurin busar da ita ta tsattsage.

Kada a yi fenti sai bayan mako 4. A yi amfani da fentin ruwa ko farar ƙasa. Fenti mai maiƙo da tayil a gindin bango suna rufe laima ne kawai, sai ta hau ta fito a samansu.

Idan gidan a fadama yake

Inda ruwan ƙasa ke kusa, ko inda ambaliya irin ta 2022 ta taɓa kwanciya a gari, duk abin da aka lissafa zai rage matsalar amma ba lallai ya kashe ta ba, muddin ba a sa shinge tsakanin tushe da bango ba. Shingen nan shi magina ke kira difisi: leda mai kauri ko shafin kwalta da ake shimfiɗawa a kan bulo, inci 6 sama da ƙasar waje. A tsohon ginin bulo ana iya saka ta, a yanka layin siminti tsakanin bulo, tsawon da bai kai mita 1 ba a lokaci guda, a zura leda, a cike, a bari ya kama kafin a yanka na gaba. Aikin ƙwararren birkila ne, kuma ba a yin sa a bangon ƙasa.

Mai shirin sabon ɗaki a irin wannan wuri ya ɗaga tushe da dutse ko bulon siminti, ya yi ciko da burji a daddaɓe shi sosai, ya shimfiɗa leda ƙarƙashin daɓe ta haɗe da ta kan tushe. Ya tsaya a wurin ranar da za a shimfiɗa ta, ya tabbatar bakin kowace leda ya hau kan 'yar uwarta, kuma shebur bai huda ta ba kafin a zuba kankare.