Kurakuran da sababbin shiga ke yi wajen sauya amfilifayar hedifon

Duk lokacin da aka tashi daga baje kolin kayan sauti na CanJam, ko na High End da aka daɗe ana yi a Munich, sai labari ya bazu cewa kamfani kaza zai fito da sabon samfurin amfilifayarsa, wato na'urar ƙara wa hedifon ƙarfin sauti, an ƙara wat, an sa ramin hedifon mai faɗin milimita 4.4, an sauya na'urar sarrafa sauti. Nan take sababbin shiga su fara neman wanda zai sayi tsohuwar tasu. Sauya kaya ba laifi ba ne, amma kurakuran da ake tafkawa a wannan gaɓa iri ɗaya ne kullum, kuma biyu daga ciki suna kashe na'ura nan take.

Na farko shi ne adaftar balans. Sababbin samfura kusan duk suna zuwa da ramin XLR mai ƙafa huɗu ko na 4.4, kuma a takarda za ka ga ƙarfin da ke fita ta nan ya ninka na ramin milimita 6.35 da aka saba. Sai mutum ya ɗauki hedifonsa mai waya ta yau da kullum, mai kai mai zobe biyu, ya sayi 'yar adafta ya cusa a ramin balans. Kada ka yi! Kan yau da kullum layi uku gare shi: hagu, dama, da ƙasa guda da suke tarayya a kai. Ramin balans layi huɗu ne, kuma biyun da ake kira na ragi ba ƙasa ba ne, kowanne yana ɗauke da wutarsa daga ɓangaren amfilifaya daban. Adaftar nan haɗe su take yi wuri ɗaya, wato ka sa ɓangarori biyu na na'urarka suna dambe da juna. In ka yi sa'a na'urar tana da kariya, ta kashe kanta. In ba ka yi ba, sai warin ƙuna. Abin haushin shi ne ana sayar da irin wannan adafta a fili, kuma wani zai rantse maka cewa tasa tana aiki lafiya ƙalau. Tana aiki ne kafin ranar da za ta daina. Gyaran ɗaya ne, ka sauya wayar gaba ɗaya da mai layi huɗu tun daga kunnuwan hedifon, kuma hakan na yiwuwa ne kawai idan kowane kunne yana da layinsa biyu, kamar Sennheiser HD 650. Akasin haka kuwa, wato wayar balans ta shiga ramin 6.35 ta adafta, babu matsala ko kaɗan.

Na biyu wuta ce. Amurka na amfani da bolt 120, Japan 100, Najeriya da Turai 230. Manyan amfilifayoyi masu taransifoma mai nauyi a ciki galibi ana naɗa su ne don wuta guda. Mai zumuɗin ya riga kowa samun sabon samfuri yakan yi oda daga Amurka, kaya su iso, ya ga wayar ta shiga soket, ya kunna. Idan fiyus ya riga taransifoma mutuwa, ka gode wa Allah. Karanta rubutun da ke kusa da ramin wuta a bayan na'urar kafin ka taɓa komai. In an rubuta 100 zuwa 240, shi ke nan. In akwai maɓallin 115 da 230, mayar da shi kan 230, sannan ka duba fiyus, domin na 230 yakan zama kusan rabin amfiyar na 115. In kuwa 115 kaɗai aka rubuta, sai taransifomar rage wuta, kuma ni ba na yarda da wadda ƙarfinta bai ninka abin da na'urar ke ja sau biyu ba. Masu janareta kuma, ku bar shi ya daidaita kafin ku kunna, ku kashe amfilifaya kafin ku kashe shi.

Yanzu batun wat, wanda ke cin kuɗi ba tare da ya ƙona komai ba. In an ce tsohon samfuri wat 3 ne, sabo wat 6, ƙarin desibel 3 kacal ka samu a ma'aunin ƙarar sauti. Kunne ba ya jin sauti ya ninka sai an ƙara kusan desibel 10, wato ƙarfi sau goma. Yi lissafin hedifonka tukuna. HD 650 na ba da desibel 103 da bolt ɗaya, don haka kai shi 110 na buƙatar bolt 2.2 da ɗoriya, abin da bai kai miliwat 20 ba. To me za ka yi da wat 6? HiFiMan Susvara ne mai yunwa, desibel 83 yake bayarwa da miliwat ɗaya, sai ya sha kusan rabin wat kafin ya kai 110. Mai irin wannan shi ke da hujjar bin sabon samfuri saboda ƙarfi.

Abin da ya kamata a duba, amma ba a dubawa, shi ne turjiyar da ke bakin fitar amfilifaya, wato yadda take tare wuta, wadda ake aunawa da om. Kada ta wuce kashi ɗaya cikin takwas na turjiyar hedifon. Hedifon mai om 32 na son amfilifaya mai om 4 ko ƙasa da haka. Amfilifayar kwalba, wato mai aiki da kwalaben gilashi irin na tsohuwar rediyo, marar taransifoma a bakin fita, irin Bottlehead Crack, tana kai om 120. Da hedifon mai om 300 za ka ji daɗinta, amma sa mata mai om 32 ka ji gangar, wato sautin ƙasa mai kauri, ta kumbura ta yi laushi, sai ka ɗora wa na'urar laifin da ba nata ba.

Masu sauya kwalabe, shigar kwalba cikin rami ba ta nufin gidanta ne. Kwalaben 6922 da 12AU7 duk ƙafa tara gare su, amma haɗin zaren ɗumama su ya bambanta. 6SN7 na son bolt 6.3, 12SN7 kuma 12.6. 6N1P na jan kusan ninki biyu na wutar da 6922 ke ja, taransifomar da ba a yi ta don haka ba sai ta yi ta zafi. Bi jerin da kamfanin ya amince da shi. Cire waya daga bango, jira kwalba ta huce, kuma kada ka zura yatsa ciki, domin kondensa, masu ajiye wuta a cikin na'urar, na riƙe ɗaruruwan bolt bayan an kashe. Ni al'adata, minti ɗaya bayan kunnawa nake sa hedifon, in kuma cire shi kafin kashewa.

Sabunta manhajar ciki: tabbatar fayil ɗin na samfurinka ne daidai. Bayan gobarar masana'antar AKM, mai ƙera ƙananan na'urorin sarrafa sauti, a Nobeoka ta Japan a Oktoban 2020, kamfanoni da dama sun koma amfani da na kamfanin ESS, sunan samfurin kusan ɗaya amma cikin ya bambanta. Kuma kada ka fara sabuntawa a kan wutar da za a iya ɗaukewa, sa na'urar a kan inbata tukuna.

Gurnanin da ke tashi idan ka haɗa da kwamfuta ba a maganinsa da karya ƙafar ƙasa ta fulogi. Sa su duka a soket ɗaya, ko ka koma wayar da ke ɗaukar sauti ta haske maimakon wuta.

In amfilifayarka tana da matakan ƙarfi, fara da ƙaramin, yadda maɓallin ƙara zai zauna tsakanin ƙarfe goma da ƙarfe biyu, in ka ɗauke shi kamar fuskar agogo. In maɓallin yana can ƙasa-ƙasa ne kunne ɗaya ke rinjayar ɗaya.

Hedifon Stax kuwa ba ya shiga wannan sahu sam. Yana buƙatar wutar bolt 580 daga amfilifayarsa ta musamman, kuma babu wayar da za ta sa ta yau da kullum ta ba shi ita.