Darasi na 9: An canza maka gwiwa, yaya za ka yi da ciwo da maganinsa?

Toh jama'a, darasinmu na yau a kan aikin canjin gwiwa ne, wanda ake yi wa mutumin da gwiwarsa ta cinye har tafiya ta gagare shi. Wasunku an riga an yi musu, wasu an ba su rana, wasu kuma su ne masu jinyar iyaye ko miji ko mata. Duk wanda kake ciki ka saurara da kyau, dan akwai lissafi a ciki, kuma lissafin nan na lafiyar jiki ne.

Me ake yi a ɗakin tiyata?

A cikin gwiwa akwai guringuntsi mai santsi da ya rufe bakin ƙashin cinya da na ƙauri, shi ke sa su motsa ba tare da sun gogi juna ba. In shekaru suka ja, ko nauyin jiki ya yi yawa, ko an taɓa jin mummunan rauni a wurin, sai guringuntsin ya zaizaye, ƙashi ya riƙa cin ƙashi. Likita zai yanke bakin ƙasusuwan da suka lalace, ya ɗora musu ƙarfe, ya sa roba mai tauri a tsakani. Aikin kan ɗauki awa 1 zuwa 2, galibi da allurar da ake yi a baya mai kashe jiki daga ƙugu zuwa ƙasa. Wani bincike da aka buga a mujallar likitoci ta Lancet a 2019 ya nuna kusan 82 cikin 100 na irin wannan gwiwa suna kai shekara 25 ba a sake su ba, dan haka abu ne mai ƙarko. Amma fa likita rabin aiki ya yi, sauran rabin a gida ake yin sa.

Me ya sa ake tayar da kai da wuri?

Mutane da yawa suna mamaki, wai jiya-jiya aka yi aiki yau nas da mai fiziyo, wato ma'aikacin asibiti mai koyar da motsa jiki, sun zo sun ce tashi ka taka. Ba mugunta ba ce. Gwiwar da aka bari a kwance tana yin tabo ta ciki, naman ya ɗaure, kuma in ya riga ya ɗaure to lanƙwasa ta sai an sha wuya, wani lokaci ma sai an mayar da mutum an sa masa barci likita ya lanƙwasa ta da hannu. Ai itace tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Makonni 6 na farko su ne ɗanyen.

Abin da ake so guda biyu ne, ƙafa ta miƙe sambal, sannan ta lanƙwasu. A farko ana neman digiri 90, wato yadda ƙafarka take in ka zauna a kujera tafin ƙafa na ƙasa, daga baya a wuce haka. In kana kwance ka riƙa kaɗa tafin ƙafa sama da ƙasa dan jini ya gudana. Ka danna bayan gwiwa a kan katifa, ka ƙirga 1 zuwa 5, ka saki. Ka jawo diddige a hankali zuwa wajen mazaunai har ka ji ta ja, ka ɗan riƙe, ka mayar. Kar ka cusa filo a ƙarƙashin gwiwar ko da kuwa shi ne ya fi maka daɗi, dan gwiwa za ta saba da zama a tanƙware, ka zo kana ɗingishi. Filo ƙarƙashin diddige ake sa shi. Ƙanƙara kuma a naɗe ta a tawul, minti 15 zuwa 20, kar ta taɓa fata kai tsaye. Wajen hawa matakala lafiyayyar ƙafa ce ke fara hawa, wajen sauka kuma wadda aka yi wa aiki ce ke fara sauka tare da sanda.

Ɗinki ko 'yan ƙarafan da aka maƙale fata da su ana cire su bayan kwana 10 zuwa 14. Kumburi kan yi watanni, ɗumin gwiwa ma haka, gefen tabon ta waje yakan mutu ba ka jin taɓi sosai, wani lokaci ka ji ƙas-ƙas in kana tafiya, wannan ƙarfe ne da roba ke haɗuwa. Cikakken sauƙi na iya kai shekara guda.

Maganin ciwo kala uku

Ga abin da nake so ya zauna muku a kai. Ba a ba ka maganin nan dan ciwo ya ɓace ƙaf ba, an ba ka ne dan ciwon ya sauka daidai yadda za ka iya motsa ƙafa ka kuma yi barci. Wanda ya ƙi shan magani dan jarumta ba zai iya atisaye ba, gwiwa ta sandare. Wanda kuma yake ta ɗirkar magani dan kar ya ji komai, shi ma kwance zai wuni yana gyangyaɗi, gwiwa ta sandare. Shi ya sa masu fiziyo ke cewa a sha magani kamar rabin awa kafin atisaye.

Na farko farasitamol. A jikin kwali za ku ga an rubuta Paracetamol, kusa da shi kuma 500mg. Haruffan nan biyu, m da g, miligiram ke nan, awon ƙarfin ƙwaya ɗaya. Babban mutum ba ya wuce miligiram 4,000 a awa 24, wato ƙwaya 8, biyu-biyu sau 4, kuma tsakanin sha da sha aƙalla awa 4. Mai ciwon hanta, ko mai shan giya, ko wanda nauyinsa bai kai kilo 50 ba, nasa bai kai haka ba, likita ne zai faɗa. Mutane sun raina farasitamol dan ba ya sa jiri ba ya sa amai, amma in ya yi yawa hanta yake ci a ɓoye, ranar farko mutum na iya jin garau, sai bayan kwana 2 ko 3 abin ya bayyana. Tarkon da ke cikinsa shi ne yana ɓuya a cikin wasu magunguna. Maganin mura da yawa akwai shi a ciki. Akwai wani kuma da ake rubuta Co-codamol 30/500, 30 ɗin kodin ne, 500 ɗin farasitamol ne. In ka sha wannan ka kuma sha farasitamol daban, ka ninka ba ka sani ba.

Na biyu masu rage kumburi, irin su Ibuprofen, Diclofenac, Naproxen da Celecoxib. Suna aiki sosai a kan gwiwa amma suna gurzar ciki, suna wahalar da ƙoda, suna iya tayar da hawan jini. A sha su bayan an ci abinci, kuma ba a haɗa biyu daga cikinsu. Mai ulsa, mai ciwon ƙoda ko na zuciya, mai asma, lallai ya gaya wa likita tun kafin a rubuta. Ga wani abu kuma, bayan wannan aiki ana ba mutum maganin tsinka jini dan kar jini ya daskare a jijiyar ƙafa, ko allurar da ake yi a fatar ciki ko ƙwaya irin Rivaroxaban, Apixaban ko Aspirin, yawanci kamar mako 2, wasu fiye. Haɗa shi da masu rage kumburi yana ƙara haɗarin zubar jini, dan haka kar ka sayo da kanka ka ƙara a kai. In ka ga bayan gida ya yi baƙi ƙirin mai yauƙi, ko amai da jini, ka ajiye maganin ka tafi asibiti a ranar.

Na uku su ne masu ƙarfin, kodin, tiramadol, mofin da Oxycodone. A nan mafi yawan koke-koke suke, bari mu daɗe a kansu.

Tashin zuciya da jiri da yawan barci sukan zo a kwanakin farko, galibi kuma suna raguwa da kansu in jiki ya saba. Kar ka sha a kan yunwa, ka ɗan sa wani abu a ciki, in amai ya dame ka akwai maganinsa, ka tambaya. Jirin nan kuwa shi nake tsoro, dan mutumin da ke kan sanda da sabuwar gwiwa in ya faɗi abin ba ya kyau. In za ka tashi daga kwance ka fara zama a bakin gado, ka ƙirga zuwa 30, sannan ka miƙe. Da dare a bar fitila a kunne, a kwashe wayoyi da takalma da duk abin da ƙafa za ta iya sarƙewa da shi daga hanya. Wasu kan ji ƙaiƙayi, wasu bushewar baki, tsofaffi kuma wani lokaci kansu ya rikice su riƙa surutai, wannan kam a sanar da likita.

Amma taurin bayan gida daban yake, shi jiki ba ya sabawa da shi. Muddin kana shan maganin, hanji na tafiyar hawainiya, ga kwanciya ta ƙaru a kai, sai ka ga mutum ya yi kwana 4 ko 5 bai zaga ba, ciki ya kumbura, abinci ya fita ransa, kuma kunya ta hana shi faɗa. Dan Allah a daina jin kunyar wannan magana, likitoci sun san za a yi haka, shi ya sa suke rubuta maganin sassauta ciki irin Senna ko Lactulose tare da shi tun ranar farko. A sha shi tun kafin ciki ya ɗaure, a yawaita ruwa sai dai in likita ya ƙayyade maka shi, a ci kayan lambu da 'ya'yan itatuwa, a riƙa ɗan takawa. In an kai kwana 3 shiru a yi magana. In kuma ga ciwon ciki mai tsanani da amai, ko tusa ba ta fita, ko fitsari ya ƙi zuwa, wannan ba na jira ba ne.

Tiramadol ba a wuce miligiram 400 a rana, ga tsofaffi ƙasa da haka, kuma yana iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, musamman ga mai ita ko mai shan maganin damuwa. Duk waɗannan masu ƙarfi ba a haɗa su da giya ko maganin barci irin Diazepam, haɗin na iya tsayar da numfashi. Mai jinya ki lura da wannan: in kin tashe shi ya kasa farkawa sosai, numfashi ya yi sanyi yana ja da ƙyar, leɓe ya canza launi, ƙwayar ido ta tsuke ta zama ɗan ɗigo, a garzaya asibiti nan take, akwai allurar da ke warware shi mai suna Naloxone.

Maganar kamuwa da jarabar maganin kuma gaskiya ce, kar a raina ta. Masu ƙarfin nan na ɗan lokaci ne, da zarar ciwo ya fara sauka su ake fara ragewa, a bar farasitamol a ƙarshe. In ka yi makonni kana sha kar ka yanke rana ɗaya, za ka ji zufa da hamma da zawo da rashin sukuni, a hankali ake saukowa bisa tsarin likita. Abin da ya rage a kulle shi inda yara ba sa kai hannu, kuma ba a ba wani ko da ciwonku iri ɗaya ne.

Alamomin da ba a kwana da su

Sharaɓa ta kumbura ta yi zafi tana ciwo fiye da jiya, wannan na iya zama jini ya daskare. In kuma numfashi ya sarƙe farat ɗaya, ko ƙirji na suka, ko tari da jini, to ƙila gudan jinin ne ya kai huhu, a fita asibiti ko da tsakar dare ne. Zazzaɓin da ya kai digiri 38, ko wurin ɗinki ya yi ja yana faɗaɗa, yana fitar da ruwa ko mugunya, shi ma a ranar ake zuwa, dan ƙwayar cuta in ta kama ƙarfe fitar da ita babban aiki ne. Kar ka fara shan maganin kashe ƙwayoyin cuta da kanka kafin likita ya gani.

Karatu a bayyane

Mutum biyu su tashi, ɗaya ya zama uba, ɗaya 'yarsa.

"Baba, na ga ƙwayar safe tana nan a faranti, ba ku sha ba."

"Bar ta kawai 'yar nan, tun da na fara shan ta cikina ya ɗaure, yau kwana uku."

"Ayya Baba, da kun faɗa min. Shi ya sa jiya kuka kasa lanƙwasa ƙafar?"

"Shi ne mana, ciwon ya yi yawa."

"To bari in kira sista yanzu in gaya mata, ko su canza muku ko su ƙara na sassauta ciki. Ku ɗan sha ruwan nan kafin nan."

Aikin gida

Ku ɗauki littafin rubutu ku ja layi 3 daga sama zuwa ƙasa, ya zama gida 4. A gida na farko ku rubuta lokaci, na biyu sunan magani kamar yadda yake a kwali harafi bayan harafi, na uku ƙwaya nawa, na huɗu abin da kuka ji bayan sha. Ciwo kuma ku ba shi lamba daga 0 zuwa 10, 0 babu ciwo, 10 wanda ba ya jurewa. Wannan littafin ake tafiya da shi ranar ganin likita.

Sai ku amsa wannan. Wani ya sha farasitamol mai 500mg ƙwaya 2 da ƙarfe 6 na safe, ya ƙara 2 da ƙarfe 12 na rana, da ƙarfe 6 na yamma ya sha Co-codamol 30/500 ƙwaya 2. Miligiram nawa na farasitamol ya shiga jikinsa? Nawa ya rage masa kafin ƙarfe 6 na safiyar gobe? Wanda yake da kwalin magani a gida ya zo da shi aji na gaba, ko babu komai a ciki, mu karanta tare.