Yadda za ka yi zagayen Thakhek a kan mashin kai kaɗai

Tun da na dawo 'yan'uwa ke ta tambayata wai ya aka yi na shiga kurmin ƙasar Laos da ke kudu maso gabashin Asiya a kan mashin ni kaɗai, ba ɗan rakiya ba ɗan jagora, toh bari in zauna in rubuta shi gaba ɗaya yadda duk mai niyya zai samu abin kamawa. Hanyar ana ce mata zagayen Thakhek, yawancinta tana lardin Khammouane a tsakiyar Laos, wajen kilomita 450 ce in ka haɗa da ratsen da za ka yi zuwa kogon Kong Lor. Daga garin Thakhek da ke bakin kogin Mekong za ka tashi, ka dawo cikinsa ta wata hanyar daban. Wasu suna yinta a kwana uku, ni dai na ce ka ba ta huɗu, domin kai kaɗai ne, kuma babban abin da nake so ka riƙe shi ne kar magariba ta taɓa samunka a kan hanya.

Maganar biza ka gama da ita tun kana gida. Turawa a filin jirgi ko a boda ake buga musu, amma fasfon Najeriya da na Nijar da Ghana da Kamaru suna cikin waɗanda sai an nema tun kafin a ofishin jakadanci, saboda haka kar ka yanki tikiti sai ka ga biza a hannu. Daga Vientiane babban birninsu motar haya za ka shiga ka yi kudu, tafiyar kusan wuni ce. In kuma ta Tailan ka biyo, garin Nakhon Phanom yana kallon Thakhek ne ta tsallaken ruwa, akwai gada da aka buɗe a 2011 da mota ke haye da mutane. Lokacin da ya fi daɗi daga Nuwamba ne zuwa Fabrairu, ruwan sama ya ɗauke, zafi bai shigo ba. Maris da Afrilu manoma ke ƙona gonaki, hayaƙi ya rufe duwatsun ga zafi, damina kuma daga Mayu zuwa Oktoba tana cika kogon dutse da ruwa ta mayar da ƙananan hanyoyi taɓo.

Yanzu mashin. A Thakhek akwai shagunan haya da wannan ce sana'arsu, kuma yawanci abin da za su ba ka irin roba-roba ɗin nan ne da muka sani, mai giya huɗu ba kuloci, Honda Wave ko ɗan China mai kama da shi, akwai kuma otomatik. Ni na fi son mai giya saboda gangara, ka saka shi a giya biyu injin ya riƙe maka ba sai ka yi ta matse birki har ya yi zafi ba. Dan Allah kar ka karɓi makulli ka ce mun gode ka wuce. Hau ka zaga layin, ka taka birkin baya ka matsa na gaba, duba zanen taya, taɓa sarƙa ka ji ko ta saki, kunna fitila da sigina, danna ham, a zaro maka sandar baƙin mai ka gani da idonka. Ni wanda aka fara ba ni birkin bayansa sai ka taka har ƙasa kafin ya kama, na ce a canza, suka ɗan yi gardama suka canza, kuma da na ga gangaren da ke bayan garin Nakai a kan hanyar na gode wa Allah da ban yi kawaici ba. Ka ɗauki bidiyon mashin ɗin ta ko'ina a gabansu saboda ƙarcen da ke jiki kar a ɗora maka ranar dawowa. Za su nemi riƙe fasfo ɗinka a matsayin jingina, ka roƙa su karɓi kuɗi da kwafi, in sun ƙi to ka tabbata kana da kwafi a jaka da hotonsa a waya, har da shafin biza. Hular kwano kuwa ka zaɓi mai rufe haɓa da gilashi, ba irin wadda ake ɗorawa don idon 'yan sanda ba. Ka taho da lasin tuƙi na ƙasa da ƙasa da inshorar da ta ambaci babur a rubuce, don in abu ya yi tsanani tsallakar da mutum Tailan ake yi, kuma kuɗi ne ba kaɗan ba. A hannun dama suke tuƙi kamar mu, wannan ba zai ba ka wahala ba.

Babbar jakarka ka bar ta a shagon ko masauki, ƙarama ta ishe ka, a ɗaure ta a baya da igiyar roba. Abin da ba a bari: fitilar goshi, jakar leda mai hana ruwa don waya da kuɗi, silifa mai maɗauri da za ka shiga ruwa da shi, gajeren wando mai rufe gwiwa na wanka, maganin sauro, da rigar sanyi guda. Kar ka yi mamakin rigar sanyi, a kan tudun Nakai da asuba cikin Disamba sai ka ɗauka Jos kake. Ka cire kuɗinsu, kip, da yawa tun a Thakhek don ƙauyuka tsaba kawai suka sani, ka sayi layin waya, ka sauke taswirar yankin a waya yadda za ta yi aiki ko ba sabis. Sannan kullum da safe ka tura wa wani na gida sunan garin da za ka kwana, da ka isa ka sake turawa. Mai tafiya shi kaɗai wannan ne ɗan rakiyarsa.

Ranar farko hanya mai lamba 12 za ka kama ka yi gabas, kuma a nan ne mutane ke ɓata lissafi, saboda cikin kilomita 20 na farko kogo ne bayan kogo a jikin duwatsun farar ƙasa masu tsini da kurmi ya lulluɓe, sai ka ga azahar ta wuce ba ka je ko'ina ba. Zaɓi biyu da wajen wanka ɗaya. Xieng Liap kogo ne da rafi ya ratsa, za ka taka ruwa ka fita ta ɗaya bakin, duwatsun da santsi sosai, ka bi a hankali hannunka ɗaya a sake. Tham Nang Aen ya fi girma, an saka masa matakala da fitilu masu launi, ana kuma shiga can ciki da kwale-kwale. Akwai wanda ake kira kogon Buddha, wani ɗan ƙauye mai neman jemagu ne ya gano shi a 2004 da gumaka 229 a ciki, wurin ibadarsu ne, ana cire takalmi kuma ba a ɗaukar hoto a ciki, in ba za ka shiga ba ka wuce abinka ba tare da ka nuna raini ba. Wajen wankan shi ne Tha Falang, koren ruwa kwance tsakanin duwatsu. Kar ka yi tsalle daga kan dutse cikin ruwan da ba ka auna zurfinsa da ƙafarka ba, in kuma ka ga ba kowa a wurin kuma kai ba gwanin iyo ba ne, tsaya iya ƙugu.

Ƙarfe biyu ka kasance a kan hanya. A kan lamba 12 manyan tireloli ne ke zuwa bodar Biyetnam, ba sa ganin mai mashin, ka ba su hanya ka sauka gefe in ta kama. A wajen Gnommalath za ka karya arewa ka fara hawa kwana-kwana zuwa Nakai, daga nan sai Thalang inda za ka kwana, wajen kilomita 100 daga inda ka taso. Abin da za ka gani dama da hagu zai tsayar da kai: dubban busassun itatuwa tsaye cikin ruwa shiru. Dam ɗin Nam Theun 2 ne ya shanye dajin, ya fara aiki a 2010, yana ba da megawat 1,070 kuma yawancin wutar Tailan ake sayar wa, an tayar da mutum sama da 6,000 daga ƙauyukansu aka sake musu matsuguni a bakin ruwan. Wurin da kyau a ido, amma ni dai raina bai yi daɗi ba da na san gonaki da gidajen mutane ne a ƙarƙashi.

Ga wata magana da ba ta wasa ba. Daga 1964 zuwa 1973 jiragen Amurka sun zubar da bam sama da tan miliyan 2 a Laos, kuma kusan kashi 30 cikin 100 na ƙananan bama-baman ba su tashi ba, suna nan kwance cikin ƙasa har yau, wannan yankin kuma yana cikin inda aka fi zubawa. In za ka zaga, ko ka ga wani wuri mai kyau can cikin ciyawa kana son hoto, kar ka bar inda ƙafar mutane ta saba bi. Duk wani ƙarfe mai tsatsa, musamman mai kamar ƙwallo, ba taɓawa ba shuri.

Rana ta biyu daga Thalang zuwa Laksao, sai ka kama lamba 8 ka yi yamma. Sha mai ka cika a Laksao, ka ƙara cire kuɗi. A ƙauyuka za ka ga mai a kwalabe a bakin hanya kamar na 'yan bumburutu, yana fitar da mutum kunya amma kar ka dogara da shi, da allura ta sauko rabi ka nemi gidan mai. Masu faci kuwa kusan kowane ƙauye akwai, ka duba inda aka rataye tsohuwar taya. A gadar Tha Bak ka tsaya ka leƙa ƙasa, kwale-kwalen da ke ɗaure a wurin da tankokin man da jiragen yaƙi suka yar aka ƙera su. Gaba kaɗan akwai ratse ta hanyar ƙasa zuwa marmaron da baƙi ke kira Cool Springs, ruwa ne shuɗi garau da ke ɓulɓulowa daga gindin dutse, sanyi kamar daga firji, bayan ƙura da rana wallahi ba abin da ya kai shi. Shiga a hankali saboda sanyin na ɗauke numfashi. Mutanen wurin da tufa suke wanka, matansu da ɗaurin ƙirji, wannan ya zo daidai da tarbiyyarmu. Kuɗi da waya da makulli su kasance cikin ledar nan a inda idonka ke kai.

Abinci sai ka yi taka-tsantsan, alade ya yi yawa kuma har cikin romon taliya ake saka shi. Ni shinkafarsu mai danƙo da ake kawowa cikin ɗan kwando, gasasshen kifi, ƙwai da ayaba su suka riƙe ni, na sa mai masaukina ya rubuta min a takarda da yarensu cewa ba na cin nama ba na shan giya, ita nake nunawa. Masallaci ban gani ba a duk zagayen, kasaru na yi ta yi a ɗaki ko gefen hanya, kuma ka tuna a can yamma ake kallo, a ɗan karkata arewa. Ka koyi sabaidi, gaisuwarsu kenan, da khop chai wato na gode.

Lamba 8 za ta kai ka garin Nahin, daga nan kilomita 40 ne zuwa ƙauyen Kong Lor, hanya ce miƙaƙƙiya tsakanin gonaki da katangar duwatsu, sai dai shanu da bauna da karnuka da yara duk nasu ne titin, kar ka wuce gudun da za ka iya tsayawa nan take. Ka kwana biyu a nan, wannan shi ne amfanin rana ta huɗun. Kogin Hinboun ne ya huda dutse ya wuce ta ciki sama da kilomita 7, kuma da doguwar kwale-kwale mai inji ake bi, mutum uku take ɗauka banda matuƙi, kai kaɗai za ka biya kuɗin jirgin duka sai in ka samu abokan haɗawa a bakin ƙofa. Je da sassafe. Za a ba ka rigar ruwa, saka ta ka ɗaure. Minti kaɗan da shiga haske zai ɓace gaba ɗaya, ba abin da za ka gani sai inda fitilar goshin matuƙi ta haska, a wasu wuraren ka ɗaga taka sama ba za ta kamo rufin ba, ga iska mai sanyi ga ƙarar inji tana dawowa daga bango, ni dai tasbihi kawai na samu kaina ina yi. Akwai inda za a sauke ka ka taka a ƙasa cikin ginshiƙan dutse da ɗigar ruwa ta gina, an haska su da lantarki, akwai kuma inda ruwa ya yi ƙasa sai ka sauko an ja jirgin, a nan silifa mai maɗauri zai yi maka rana. Duk abin da matuƙin ya nuna da hannu ka bi, shi ya san kowane dutse a duhun nan. In kun fita ta ɗaya bakin cikin wani kwari kore shar, a huta a sha ruwa a juyo. Da ka dawo akwai tafki mai launin kore a bakin kogon, ka yi wankanka can gefe nesa da inda jirage ke wucewa da inda ruwan ke fitowa da ƙarfi.

Ranar ƙarshe ita ce mafi tsawo, wajen kilomita 180 zuwa sama, saboda haka da ka yi asuba gari ya waye ka ɗaure kaya. Bayan Nahin hanya za ta hau tsauni, akwai wajen tsayawa da za ka hango duwatsu baƙaƙe masu kaifi jere har iya ganinka, ka tsaya ko minti goma ne. Daga Vieng Kham za ka faɗa lamba 13 ka yi kudu, babbar hanya ce mai bas-bas da tireloli da ramuka, ga gajiya ta taru, a nan ne hannu ke son murɗa totur don a gama. Kar ka biye masa, duk awa ɗaya ka tsaya ka sha ruwa ka miƙe ƙafa. In ka tashi ƙarfe bakwai za ka shiga Thakhek kafin la'asar, shago na buɗe, ku duba mashin tare da bidiyon nan a hannunka, ka karɓi fasfo ko kuɗin jinginarka ka ƙirga a gabansu kafin ka ɗauki babbar jakarka.